Kunya da Shiru: Wa Zai Gaya wa Yaro Labarin Jikinsa?

Bahaushe yana da wata ɗabi'a wadda baƙo ba ya saurin gane kanta. Uwa za ta haifi ɗanta na fari, ta shayar da shi, ta yi jinyarsa dare da rana, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba za ta kama sunansa ba. In ya shigo gida cikin mutane sai ta kau da kai, in ya gaishe ta sai ta amsa a taƙaice kamar wadda aka tilasta. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, ba kuwa wanda ya taɓa ɗaukarta a kan rashin ƙauna. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya sanya kunya a jerin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da sauransu. To, ga tambayar da nake so mai karatu ya taya ni dubawa. Uwar da ba ta iya furta sunan 'yarta, ta yaya za ta zaunar da ita ta yi mata bayanin jinin da za ta gani nan da shekara ɗaya ko biyu? Uban da ɗansa ba ya iya haɗa ido da shi, ta ina zai ɓullo wa zancen mafarkin balaga?

Abin da ya sa tambayar ta wuce ta hira shi ne abin da ya faru a watan Nuwamba na 2022. A taron Majalisar Ilmi ta Ƙasa da aka yi a Abuja, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar da ke tsara manhajar makarantu da ta cire darasin da ya shafi jima'i, ya ce wannan aiki ne na iyaye da malaman addini. Jama'a da dama sun yi na'am, ƙungiyoyin kiwon lafiya kuwa suka yi ta ƙorafi. Gardamar dai ba a ranar ta soma ba. Tun 1999 Majalisar ta amince a shigar da darasin, a daidai lokacin da ƙanjamau ke cin mutane, har binciken 2001 ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari na masu juna biyun da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar. Da manhajar ta fito sai malaman Musulunci da na Kirista suka yi mata ca. A ƙarshe aka rage ta, aka sake mata suna a 2003 ta koma Ilmin Zaman Iyali da Ƙanjamau, aka kuma bar wa kowace jiha ta daidaita ta da al'adun mutanenta.

"A bar wa iyaye" magana ce mai daɗin ji, don kuwa ba mai jayayya cewa tarbiyya haƙƙin iyaye ce. Sai dai a gidan Bahaushe, in aka ce a bar wa uwa da uba wannan zance, an miƙa shi ke nan ga mutum biyun da al'ada ta fi ɗaure wa baki a kansa. Sakamakon haka, a mafi yawan gidaje, shi ne ba wanda zai faɗa.

Kada kuma a zaci kakanninmu sun bar yara cikin duhu ne. Al'adar da ta hana uwa magana, ita ce ta buɗe wa wasu baki. Ɗan fari sau da yawa ba ya tashi a hannun uwarsa, kaka ko goggo ke ɗaukarsa riƙo bayan yaye. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne: ta kira jikanta namiji maigidanta, ta kira macen kishiyarta, ta tsokane ta a kan ƙirjin da ya fara tasowa, cikin wasan nan kuma a faɗi abin da ba a faɗa a ɗakin uwa. Akwai goggo, akwai inna, akwai kawu, akwai taubashi wanda ba a jin nauyinsa. Yaro in an yi masa kaciya yana kwana cikin tsaransa a hannun wanzami da dattijon da ke jinyarsu. Amarya in an sa ta a lalle akan kai ta gidan wata 'yar'uwa, tsofaffi su kewaye ta da faɗa da nasiha kwana da kwanaki. In ta yi ciki na fari ta koma gida goyon ciki, ungozoma ta karɓe ta. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga tsohuwar ba ta da ƙumbiya-ƙumbiya a kan aure da ciki da haihuwa, har da tsarancen da samari da 'yan mata suke yi a zamaninta. Ba na cewa duk abin da tsofaffin nan suka koyar daidai ne. A hannunsu ne aka yi yankan gishiri, wanda ya lalata mata da yawa. Abin da nake nunawa kawai shi ne, kunya ba ta taɓa hana a yi bayani ba. Aikinta shi ne ta zaɓi bakin da bayanin zai fito.

Haka abin yake, har ma ya fi bayyana, a wajen addini. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san cewa bayan Ƙawa'idi littafin da ake miƙa wa ɗalibi shi ne Ahalari, sannan Ishmawi, sannan Risala. Me ke cikin babobinsu na farko? Tsarki ne, da abin da ke karya alwala, da abin da ke wajabta wanka. A nan yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ji bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya ji cewa mafi tsawon haila ga wadda ta fara gani kwana 15 ne, mafi tsawon jinin biƙi kuma kwana 60. A mazhabar Malikiyya alamomin balaga a ƙidaye suke: mafarki, da haila, da ciki, da tsirowar gashin gaba, in kuwa ba a ga ko ɗaya ba sai cikar shekara 18. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya bayyana a farkon Risala cewa don a koya wa yara ya rubuta ta. Ashe ke nan shekara dubu da suka wuce malaman da muke tinƙaho da su sun yanke hukunci cewa yaro ya san waɗannan abubuwa kafin su same shi, domin sallarsa ba ta inganta sai da saninsu. 'Yan'uwanmu Kirista ma in suka buɗe Littafin Firistoci sura ta 15 za su tarar da zancen a fili.

Akwai ruwayoyi biyu a Buhari da Muslim waɗanda a ganina sun isa su raba wannan gardama, in da ana neman rabawa. Sayyidina Ali ya so ya san hukuncin maziyyi, amma ya ji nauyin tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda yana auren 'yarsa. Kunyar suruki ke nan, irin wadda kowane Bahaushe ya sani. Bai haƙura da tambayar ba, sai ya aiki Miƙdad ya tambayo masa. Ta biyun, wata mata ce ta zo tana tambayar yadda ake wankan haila. Aka ba ta amsa ba ta gane ba, ta sake tambaya, Manzon Allah ya ji kunya, sai Nana A'isha ta jawo ta gefe ta yi mata bayani dalla-dalla. A duka biyun kunya tana nan ba ta gushe ba, amsa kuma ta isa ga mai nema. Abin da aka yi shi ne an sami ɗan aike. Nana A'isha ɗin ce kuma aka ruwaito tana yabon matan Madina a kan cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu. A ƙasarmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin tsarki ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta shirya 'Yan Taru, inda jajis, tsofaffin mata masu malfa, suke ɗauko karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Su ma 'yan aike ne.

To, ina 'yan aiken suke yau? Mu da muke zaune nan kudu mun fi kowa sanin amsar. Iyali na cikin ɗaki ɗaya, ko ciki da falo, a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri. Kaka tana can Katsina ko Haɗejiya, sai dai a ji muryarta a waya ranar salla. Goggo ta yi aure a wani gari. Riƙo ya ragu, kaciya ta koma asibiti ranar suna ko kafin ta, lallen kwana bakwai ya koma na yini ɗaya da mai ɗaukar hoto. Ko a arewa ma babban gida yana ta watsewa. Daɗin daɗawa, tazarar da ke tsakanin balaga da aure ta buɗe ƙwarai. A da yarinya ba ta daɗewa da balaga ake kai ta ɗakinta, saboda haka nasihar lalle tana zuwa kusan a kan kari. Yanzu ɗalibar da ke gabana a aji ta balaga tana da shekara goma sha biyu ko sha uku, ga ta tana da ashirin da biyu ba ta yi aure ba. Saurayi kuwa kafin ya haɗa lefe da kuɗin haya ya doshi talatin. Shekara goma ko goma sha biyar ke nan mutum yana zaune da jikin da ya farka, ba wanda aka ɗora wa alhakin yi masa bayaninsa. Wanda ya kira wannan shirun al'adarmu ta gado bai yi wa al'adar adalci ba, gurbi ne kawai da masu aikin suka tashi suka bari.

Gurbin kuma bai zauna haka nan ba. Mai karatu ya tsaya a bakin kowace babbar tasha, daga Mile 12 a Legas har Kano, ya saurari mai maganin gargajiyar da ya kafa lasifika a kan mota. Yana ambaton gaban namiji da na mace da sunayen da ba a faɗa a gida, yana kwatanta kwanciyar aure filla-filla, mata na wucewa, yara masu talla na tsaye suna dariya. Kowane ciwo a wurinsa basir ne ko sanyi, kowane namiji kuma rago ne sai ya sha garinsa. Abin mamaki, al'ummar da ta tashi tsaye a kan zanen mahaifa a allon makaranta ta zauna lafiya da wannan mutum shekara da shekaru. Bayansa ga masu tallar kayan mata a Instagram da TikTok, ga fina-finan batsa a wayar da uba ya saya wa ɗansa don karatu. Mu ma 'yan adabi muna da namu kason. A shekarun 1990 an sha muhawara a jaridu kan littattafan soyayya na Kano, ana cewa suna lalata 'yan mata, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Alhali kuwa a cikinsu akwai irin su Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya dubi auren ƙuruciya da ilmin mace da idon basira. Waɗanda suka gaje su a yau, masu yawo a WhatsApp da Wattpad, wasunsu sun wuce duk abin da aka zargi na farkon da shi, ba kuma wutar da za ta kai gare su. Saboda haka zancen a bar yaro cikin rashin sani har ya yi aure bai ma taso ba. Ya riga ya ji, abin da ya rage shi ne daga bakin wa.

Bari in ɗan faɗi abin da ake ta tsoron a faɗa ɗin, don mai karatu ya auna da kansa ko akwai batsa a ciki. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu a mararta, dama da hagu, kowace da hanyar da ke gangarar da ƙwai zuwa mahaifa. Kusan kowane wata ƙwai ɗaya kan nuna ya fito, mahaifa kuma ta yi masa shimfiɗa mai laushi. In bai gamu da ƙwayar namiji ba sai shimfiɗar ta warware ta zubo, wannan ita ce haila. Ba ciwo ba ce, ba kuma alamar an taɓa yarinya ba, ko da yake akwai yaran da ranar da suka fara gani suke ɓuya suna kuka don sun zaci ɗaya daga cikin biyun ne. Ƙwan yana fita kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, ba ya wuce kwana ɗaya da rai, ƙwayar namiji kuwa tana iya kai kwana 5 a jikin mace. Tun da ƙwai ke riga jini fita, yarinya na iya ɗaukar ciki tun ba ta taɓa ganin al'ada ba. Ƙugunta kuma ba ya gama buɗewa sai bayan wasu shekaru da fara haila. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tokare a ƙashi, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina kai masa, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Yoyon fitsari ke nan, wanda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi ta ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga ta Katsina tun cikin shekarun 1980. Mai haihuwar fari kuwa an koya mata cewa abin kunya ne a ji kukanta, don haka takan danne naƙuda har lokaci ya ƙure. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. A arewa mafi yawansu matan aure ne, watau ko wanda ba ya son a yi zancen da budurwa ya kamata ya yarda a yi shi da amarya.

Akwai kuma gaskiya guda wadda da an san ta da an rage zalunci mai yawa. Ƙwan mace kullum alama ɗaya yake ɗauke da ita, wadda masana ke kira X, ƙwayar namiji ce ke zuwa da X ko Y, ita ke sa a sami mace ko namiji da ikon Allah. Mata nawa aka yi wa gori, ko kishiya, ko saki, a kan suna haihuwar 'ya'ya mata? Haka nan rashin haihuwa, wanda ake ɗora wa mace tun kafin a je asibiti, alhali sau da yawa matsalar daga mijin take, wani lokaci ma ciwon sanyin da ya kwaso ne ya toshe mata hanyar ƙwai.

Yara maza an fi mantawa da su, don ana ganin namiji zai gane da kansa. Yaro ya yi mafarki ya tashi ya ga wandonsa a jiƙe, ya ɓoye shi, ya yi ta salla babu wanka wata da watanni don bai san an wajabta masa ba. Wani ƙirjinsa ya ɗan kumbura, abin da kan sami samari da yawa ya kuma baje da kansa, ya zaci mace zai koma. Mafi hatsari shi ne murɗewar ɗan maraina, ciwo mai tsanani da ke zuwa farat ɗaya, wanda in ba a yi aiki cikin kimanin awa 6 ba ana iya rasa shi. Yaron da aka koya wa cewa wurin nan ba a ambatonsa zai ce cikinsa ke ciwo, a ba shi kanwa ko jiƙo, gari ya waye. Sannan ga abin da ya fi duka muni. Yaro ko yarinyar da wani babba ya taɓa, a gida ko a shago ko a makaranta, ba zai iya kai ƙara ba in ba shi da kalmar da zai faɗa wadda ba za a mare shi a kanta ba. Masu wannan ta'asa sun san haka sarai, da shi suke fakewa.

A nan ne nake ganin tambayar ta zama ta alhaki. Kunyar ɗan fari uwa ce ke biyan kuɗinta. Ita ke hana kanta daɗin kiran sunan ɗanta da rungumarsa a gaban mutane, yaron kuwa ba ya rasa komai, don kaka na nan tana shagwaɓa shi. Shi ya sa muke ganin girmanta, domin duk halin kirki mai shi ne ke ɗaukar nauyinsa. Amma shirun da muke yi a kan balaga, mu manya ba ma asarar komai a cikinsa. Fuskarmu ce ma yake karewa, ya raba mu da minti goma na jin nauyi. Wadda ke biya ita ce yarinyar da ta tsuguna a makewayi tana rawar jiki, da yaron da ya kwana yana murƙususu. Halin da ni ke cin ribarsa wani ke biyan bashinsa, ko da na sa masa suna kunya, ina shakkar ya cancanci sunan. Masu iya magana da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi ba marasa kunya ba ne, sun dai san akwai ranar da ɓoyo ke zama cuta.

Duk da haka ba zan ce masu adawa ba su da hujja ba, kuma raina su da wasu 'yan boko ke yi yana daga cikin abin da ya hana maganar ci gaba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, wannan ilmi ba kamar sauran ba ne. In ka koya wa yaro hukuncin riba ba ka sa masa kwaɗayin riba ba, amma sha'awa aba ce da ji kawai kan motsa ta. Wannan gaskiya ne, shi ya sa yadda aka faɗa yake da muhimmanci kamar abin da aka faɗa. Ahalari da mai lasifika suna ambaton gaɓa ɗaya, na farko ya sa ka nemi buta, na biyu ya sa ka nemi wani abu daban. Hukumar UNESCO ta tattara bincike masu yawa a 2009, ta sake a 2018, ta tarar cewa darasin da aka tsara da kyau ba ya sa yara su fara jima'i da wuri, wasu ma jinkirtawa yake sa su yi. Hujjarsu ta biyu ita ce babu darasin da ba ya ɗauke da aƙida. Littafin da aka rubuto daga Turai ko Amurka yakan ɗauki jima'i a matsayin zaɓin mutum, muddin an yarda da juna kuma an kare kai. Uba Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, yana ganinsa a matsayin iyakar da Allah ya shata. Yana da haƙƙin ya ƙi a koya wa 'yarsa na farkon da sunan kimiyya. Yana kuma da haƙƙin ya tambayi wane ne zai tsaya gaban allo, tun da ba a rasa malaman da su ne abin tsoron. Ni kaina ba zan so namiji ya koya wa 'yata wannan darasi a aji mai cakuɗe da maza ba. Amma duk waɗannan hujjoji ne na a gyara mai faɗa da yadda zai faɗa: a raba aji, mace ta koya wa mata, a bi shekaru daki-daki, a haɗa malamar Islamiyya da ma'aikaciyar jinya su zauna tare. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya kai ga cewa a yi shiru. Su kansu makarantun Islamiyya, waɗanda suka fi kowa lasisin yin zancen, sau da yawa malami in ya iso babin haila sai ya karanta Larabcin da sauri, ya ce za ku gane in kun girma, ya juya shafi.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye a wannan sashe, watau harshe. Na taɓa ba ɗalibai aikin tattaro karin magana daga bakin tsofaffi. Da aka zo karantawa a aji, duk wanda ya iso kan wadda ta ambaci wata gaɓa sai ya tsaya, ya yi murmushi, ya faɗi kalmar da Turanci. Turancin bai ba shi kunya ba, don ba da shi aka yi masa tarbiyya ba. Hausa tana da rumbu uku na waɗannan kalmomi. Akwai na malamai, irin su farji da azzakari da haila da janaba, masu tsabta amma da nauyin Larabci, ba su kuma wuce abin da fiƙihu ke buƙata ba. Akwai na sakaye, irin su gaba da al'ada da baƙon wata da fashin salla da juna biyu, masu daɗin ji, sai dai ba a iya yi wa likita bayani da su, don gaba ɗin nan ta haɗa wurare huɗu ko biyar. Sannan akwai na asali, waɗanda Bargery bai ji nauyin sa su a ƙamusunsa na 1934 ba, amma mu mun bar wa 'yan tasha su, har yaro ya fara jin sunan jikin uwarsa a bakin mai ashar. Abin da ke can ciki kuwa, wanda ido ba ya gani, yawancinsa ba mu daidaita a kan sunansa ba. Abin da na kira ma'ajiyar ƙwai a sama, wani gidan rediyo zai ce gidan ƙwai, wani ya ce ƙwan mace, ya haɗa ma'ajiyar da abin da aka ajiye. A asibitocin nan na kudu kuwa, inda ma'aikaciya ke jin Yarabanci ko Ibo da Turanci, Bahaushiya kan zo da tafinta, tafintan kuma sau da yawa ɗanta ne ko ƙanen mijinta. Mai karatu ya ƙiyasta rabin abin da za ta faɗa.

An fara wani abu. A 2017 aikin da Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta ya fitar da ƙamus na kalmomin ƙanjamau da Ibola cikin Hausa da Ibo da Yarabanci. Sai dai wannan na cuta ne, mu kuwa abin da muka rasa shi ne na lafiyayyen jiki, ɗan littafi da goggo ko malamar Islamiyya za ta iya riƙewa ta karanta wa 'yar shekara goma ba tare da muryarta ta sarƙe ba. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai an zaunar da likita da ungozoma da malamin fiƙihu da masanin harshe a tabarma ɗaya, a bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowace kalma a kunnen tsofaffi kafin a buga ta. Lokaci kuma ba ya jiranmu. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Ana jera su a filin makaranta, a naɗe musu hannun riga, a yi musu allura saboda wata gaɓa da yawancinsu ba a taɓa gaya musu suna da ita ba. In ɗaya ta koma gida ta tambayi uwarta ina ne bakin mahaifa, uwar za ta ce ta je ta tambayi malamarsu, malamar kuwa tun 2022 ta ji Minista ya ce aikin na iyaye ne.